Bizar Haɗa Iyali: Yadda Ƙasashe Ke Auna Aure, Dangantaka Da Aljihu Kafin Su Buɗe Ƙofa

Bizar haɗa iyali izini ne da ƙasa ke bai wa baƙo domin ya shigo ya zauna tare da matarsa, ko mijinta, ko iyaye, ko 'ya'yan da ke zaune a cikinta bisa doka. Ta sha bamban da bizar ziyara, wadda ake bayarwa da sharaɗin mutum zai koma gida, haka kuma ta sha bamban da ta karatu ko ta aiki, domin ita dangantaka ce tushenta. A Amurka, kusan kashi biyu bisa uku na masu samun izinin zama na dindindin a mafi yawan shekaru ta wannan hanya suke samu.

A ƙasar Hausa, da zarar waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, aka ambaci sadaki a gaban shaidu, aure ya ɗauru, babu mai sauran magana. A gaban jami'in biza kuwa, daga nan maganar take farawa. Abubuwa huɗu yake dubawa: ko dokar ƙasarsa ta amince da irin wannan dangantaka, ko akwai hujjar da ta tabbatar da ita, ko mai gayyatar yana da halin ɗaukar nauyi, sannan ko gwamnatin da ke kan mulki ta bar ƙofar a buɗe. Ɗaya daga cikin huɗun ya isa ya raba miji da mata tsawon shekaru.

Haƙƙi ne ko alfarma?

Sashe na 16 na kundin haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948 ya ɗauki iyali a matsayin tushen al'umma, wanda ya cancanci kariyar hukuma. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 10, ta buƙaci ƙasashe su duba buƙatar haɗa yaro da iyayensa cikin tausayi da gaggawa. A Turai, sashe na 8 na yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar ya kare rayuwar iyali.

Sai dai kotuna sun daɗe da iyakance wannan kariya. A 1985, a shari'ar da wasu mata uku mazauna Birtaniya suka shigar bayan an hana mazajensu izinin zama tare da su, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce babu tilas a kan ƙasa ta amince da wurin da ma'aurata suka zaɓa su zauna. Amma ta sami Birtaniya da laifin wariya, domin a lokacin ya fi sauƙi namiji ya shigo da matarsa a kan mace ta shigo da mijinta. A watan Yunin 2024, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kundin tsarin mulki bai ba 'yar ƙasa wani haƙƙi na asali na sai an shigo mata da mijinta baƙo ba.

Zargin ma'aurata ma ba yau aka fara ba. A 1979 jaridar Guardian ta bankaɗo yadda aka yi wa wata mata daga Indiya gwajin budurci a filin jirgin saman Heathrow, don a tabbatar da cewa aure ya kawo ta. Har zuwa 1997, Birtaniya na da ƙa'idar da ta ɗora wa mai nema nauyin tabbatar da cewa shiga ƙasar ba shi ne babban dalilin aurensa ba. An soke ƙa'idar, amma tunanin da ya haife ta yana nan a cikin tambayoyin da ake yi har gobe.

Amurka: na kusa da na layi

Tsarin Amurka na yanzu ya samo asali daga dokar shige da fice ta 1965, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sanya wa hannu. Ita ce ta kawar da rabon gurbi bisa asalin ƙasa, ta kuma fifita dangantaka. An raba dangi gida biyu.

Gida na farko su ne dangi na kusa na ɗan ƙasa: mata ko miji, 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, da iyaye idan ɗan ƙasar ya kai 21. Waɗannan babu ƙayyadadden adadi a kansu. Gida na biyu su ne masu jiran layi, waɗanda doka ta ware musu aƙalla gurbi 226,000 a shekara. A cikinsu akwai manyan 'ya'yan ɗan ƙasa, da mata ko miji da 'ya'yan mai katin zama na dindindin, da kuma 'yan'uwan ɗan ƙasa na jini. Rukunin 'yan'uwa shi ne mafi tsawon jira, yakan haura shekara 15. Kakanni, kawu, gwaggo da 'ya'yan 'yan'uwa ba su da gurbi ko kaɗan. Mai katin zama kuma ba zai iya nema wa iyayensa ko 'yan'uwansa ba sai ya zama ɗan ƙasa.

Mai gayyata ne ke fara shigar da fom mai lamba I-130 ga hukumar shige da fice ta USCIS. Idan an amince, fayil ɗin ya wuce cibiyar biza ta ƙasa, daga nan zuwa ofishin jakadanci. A Najeriya, ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ne ke ganawa da masu neman bizar zama. Mai gayyata zai kuma sa hannu a fom I-864, inda yake ɗaukar alƙawarin ciyarwa, tare da nuna cewa kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. Wannan alƙawari yarjejeniya ce da za a iya kai mutum kotu a kanta, kuma mutuwar aure ba ta warware ta.

Idan auren bai cika shekara biyu ba a ranar shiga ƙasar, katin zama na wucin gadi ake bayarwa, mai wa'adin shekara biyu. A cikin kwana 90 na ƙarshen wa'adin, ma'auratan za su koma su nuna cewa auren na gaskiya ne. Akwai kuma bizar K-1 ta wanda aka yi wa baiko da ɗan ƙasa: wajibi ne su biyun sun ga juna ido da ido a cikin shekara biyun da suka gabata, kuma a ɗaura auren cikin kwana 90 da isowa.

Birtaniya: ƙofar da albashi ke buɗewa

Tun watan Yulin 2012 Birtaniya ta gindaya mafi ƙarancin kuɗin shiga ga mai son kawo matarsa ko mijinta. An fara da fam 18,600 a shekara. A watan Disambar 2023 sakataren harkokin cikin gida na lokacin, James Cleverly, ya sanar da ɗaga shi zuwa fam 38,700. Bayan ce-ce-ku-ce sai aka ce za a yi shi daki-daki, aka fara da fam 29,000 daga ranar 11 ga Afrilun 2024. Gwamnatin jam'iyyar Leba da ta hau mulki a Yulin shekarar ta dakatar da sauran ƙarin, ta miƙa batun ga kwamitin da ke ba ta shawara kan shige da fice. A rahotonsa na Yunin 2025, kwamitin bai goyi bayan kai adadin fam 38,700 ba.

Abin da ke ba mutane da yawa mamaki shi ne, a neman farko daga waje, albashin wanda ke Birtaniya ake lissafawa. Ko da mai neman likita ne ko injiniya a gida, albashinsa ba ya shiga lissafi. Wanda zai dogara da ajiya kaɗai yana buƙatar fam 88,500 da suka kwana wata shida a asusu. A 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce sharaɗin kuɗin bai saɓa doka ba, amma ta ce ƙa'idojin sun gaza kula da maslahar yara, abin da ya sa aka yi musu kwaskwarima.

Bizar farko ta wata 33 ce. Ana sabunta ta na wata 30, sannan bayan shekara biyar a nemi zama na dindindin. A kowane mataki akwai jarrabawar Turanci mai ƙaruwar wuya. Duk da cewa Turanci ne harshen gwamnati a Najeriya, ƙasar ba ta cikin jerin waɗanda aka ɗauke wa wannan jarrabawa, sai dai mai digirin da aka koyar da Turanci na iya gabatar da shi a madadinta bayan an tantance. Ana kuma buƙatar gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi. Kuɗin neman bizar ya kai fam 1,938 a watan Afrilun 2025, ban da harajin kiwon lafiya na fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biya dunƙule tun kafin tafiya. Bizar kuma tana zuwa da sharaɗin hana cin gajiyar mafi yawan tallafin gwamnati.

Kawo tsofaffin iyaye ya fi komai wuya. Tun 2012, sai an nuna cewa tsohon yana buƙatar kulawa ta yau da kullum, kuma ba za a iya samun ta a ƙasarsa ba ko da da kuɗin ɗan da ke Birtaniya.

Akwai wata hanya ta daban, wato ta iyalan ɗalibai da ma'aikata, kuma ita ce 'yan Najeriya suka fi bi a shekarun baya-bayan nan. A 2022 Birtaniya ta bayar da biza kusan 136,000 ga iyalan ɗalibai, daga kimanin 16,000 a 2019, kuma sama da 60,000 daga ciki na 'yan Najeriya ne, adadin da ya zarce na kowace ƙasa. Daga Janairun 2024 aka hana mafi yawan ɗalibai zuwa da iyali, in ban da masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Daga 11 ga Maris na shekarar aka yi wa sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi da marasa lafiya irin wannan hani.

Kanada da ƙasashen Turai

A Kanada, ɗan ƙasa ko mai zama na dindindin da ya kai shekara 18 na iya ɗaukar nauyin matarsa ko mijinta. A mafi yawan lokuta babu mafi ƙarancin albashi, amma akwai alƙawarin ciyarwa na shekara uku, wanda ke nan daram ko da an rabu. Idan wanda aka kawo ya karɓi tallafin gwamnati a wannan lokaci, mai gayyatar ne zai biya. Wanda aka kawo ta hanyar aure kuma ba zai iya kawo wani abokin aure ba sai bayan shekara biyar. 'Ya'ya na shiga lissafi idan ba su kai shekara 22 ba kuma ba su yi aure ba.

Tarayyar Turai na da dokar bai-ɗaya ta 2003 kan haɗa iyali, amma kowace ƙasa na da nata ƙarin sharuɗɗa. Tun 2007 Jamus ke buƙatar mafi yawan masu zuwa wajen abokin aure su nuna sun iya Jamusanci na matakin farko kafin su taso. Holan na buƙatar ma'aurata su kai shekara 21. Denmak ta sa nata a shekara 24 tun 2002, da hujjar hana auren dole.

Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa

A ƙasashen yankin Gulf, zaman iyali rataye yake da aikin mai gida. A Saudiyya, baƙo mai iƙama na iya neman ɗauko matarsa da 'ya'yansa, amma amincewar ta danganta da sana'ar da aka rubuta a iƙamarsa. Daga Yulin 2017 aka fara karɓar harajin riyal 100 a wata kan kowane mutum da ke ƙarƙashin ma'aikaci baƙo, aka riƙa ƙara 100 duk shekara har ya kai riyal 400 a Yulin 2020. Mai mata ɗaya da 'ya'ya uku ke nan zai biya riyal 19,200 a shekara. Bizar ziyarar iyali daban take da wannan: ba ta ba da izinin aiki, ba ta ba da izinin aikin Hajji, kuma wuce wa'adinta na jawo tara da kora.

A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sharaɗin shi ne albashin dirhami 4,000 a wata, ko 3,000 tare da masauki daga wurin aiki. A duka ƙasashen biyu, daɗewa ba ta mayar da baƙo ɗan ƙasa. Ranar da aikin mai gida ya ƙare, izinin iyalinsa ma ya kama hanyar ƙarewa.

Inda al'ada ke karo da dokar wasu

Ƙa'idar da mafi yawan ƙasashe ke bi ita ce, auren da ya inganta a inda aka ɗaura shi ya inganta a wajensu. Dokar Najeriya ta amince da auren rajista, da na Musulunci, da na gargajiya. Amma akwai wurare huɗu da wannan ƙa'ida ke cin karo da togaciya, kuma dukkansu sun shafi yadda ake aure da renon yara a ƙasar Hausa.

Na farko shi ne wakilci. Abu ne da aka saba a ɗaura aure ango yana wata ƙasa, amarya tana cikin gida, waliyyi da wakili su yi siga. Tun watan Yunin 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta hanyar wakili, ko tarho, ko intanet, matuƙar ɗaya daga cikin ma'auratan bai halarta da kansa ba. Amurka na karɓar irin wannan aure ne kawai idan ma'auratan sun sadu a matsayin miji da mata bayan ɗaurin auren. Birtaniya na karɓa idan dokar ƙasar da aka ɗaura shi ta yarda da shi, matsayin da kotun ɗaukaka ƙara ta jaddada a 2017 a shari'ar wani auren gargajiya na Gana, amma tana buƙatar a nuna cewa su biyun sun taɓa haɗuwa ido da ido.

Na biyu shi ne auren mace fiye da ɗaya. Amurka da Kanada auren farko kaɗai suka sani muddin yana nan, don haka amarya ba ta da gurbi a matsayin mata. Dokar Amurka ma ta haramta shiga ga baƙon da zai zo ya ci gaba da zama da mata fiye da ɗaya. A Birtaniya, tun dokar 1988, idan mata ɗaya ta riga ta shiga ƙasar a matsayin matar mutum, ba a ba kishiyarta biza. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ma haka ta tanada. Wasu na ƙoƙarin kauce wa wannan ta hanyar zuwa rajista da amarya alhali igiyar uwargida na nan. Wannan laifi ne a ƙarƙashin dokar aure ta Najeriya kanta, mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara biyar, domin auren rajista na mace ɗaya ne.

Na uku shi ne shekaru. Birtaniya, Kanada da Jamus duk suna buƙatar wadda za a kawo ta kai shekara 18. Birtaniya ta taɓa ɗaga nata zuwa 21 a 2008, amma Kotun Ƙoli ta ce matakin ya wuce gona da iri a 2011, aka mayar da shi 18.

Na huɗu shi ne riƙo. Yaron da mutum ya ɗauko daga gidan ɗan'uwansa ya rena tun yana goye, ɗa ne a idon dangi, amma a fom ɗin biza ba shi da suna. Amurka na buƙatar hukuncin kotu na mayar da yaro ɗa kafin ya kai shekara 16, tare da zaman shekara biyu a hannun mai riƙon. Birtaniya kuwa ta sanya takunkumi na musamman kan ɗauko yara daga Najeriya ta wannan hanya tun Maris na 2021, bisa damuwa kan ingancin takardu da safarar yara. Rubuta ɗan riƙo a matsayin ɗan cikin mutum na iya rusa buƙatar iyalin gaba ɗaya, domin idan jami'i ya yi shakka yakan ba da shawarar gwajin ƙwayar halitta na DNA. Agola ma na da nasa sharaɗin: a Amurka, sai idan an yi auren mahaifiyarsa ko mahaifinsa kafin ya kai shekara 18.

Hujja da sakamakon ƙarya

Takardar aure ita kaɗai ba ta gamsar da jami'i. Yana neman alamun rayuwa tare: hotunan lokuta daban-daban, tarihin kira da saƙonni, tikitin ziyara, shaidar aika kuɗi, da takardun haihuwar 'ya'ya. A ganawa akan tambayi yadda aka haɗu, wa ya halarci biki, ina abokin auren ke aiki. Auren haɗi na iyaye ba laifi ba ne a dokokin waɗannan ƙasashe, auren dole da na bogi su ne abin farauta.

Matsalar da ta fi kama masu nema daga Najeriya ita ce saɓanin takardu. Suna ya zo Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Mamman a takardar aure. Ranar haihuwa ta bambanta tsakanin fasfo da lambar shaidar ɗan ƙasa. Saki ya auku da baki, babu takardar kotu da ta nuna auren baya ya ƙare kafin a ɗaura sabo. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayar da takardar haihuwa da ake karɓa, kuma tana bai wa manyan da ba a yi musu rajista ba takardar shaidar haihuwa. Gyara irin wannan saɓani kafin a shigar da buƙata ya fi sauƙi a kan bayaninsa bayan an ƙi.

Wani tarkon shi ne tsofaffin fom. Mutumin da ya taɓa neman bizar ziyara ya rubuta yana da mata da 'ya'ya don a yarda zai dawo, ko ya bar dillali ya cike masa abin da ya ga dama, zai tarar da bayanin yana jiransa ranar da ya zo neman bizar aure. Hukuncin yaudara mai tsanani ne. A Birtaniya yana iya jawo haramcin shekara 10, a Kanada shekara biyar, a Amurka kuma na har abada, sai dai in an sami yafiya ta musamman. Auren bogi don samun takarda laifi ne a Amurka mai ɗaurin da ya kai shekara biyar da tarar da ta kai dala 250,000, kuma wanda aka kama ba za a sake amincewa da wata buƙatar dangi a kansa ba, ko da daga baya ya yi auren gaskiya.

Idan aka ƙi, hanyar ƙorafi ta bambanta. A Birtaniya ana iya ɗaukaka ƙara gaban kotun shige da fice bisa hujjar haƙƙin iyali, cikin kwana 28 ga wanda ke waje. A Kanada mai gayyata na da kwana 30. A Amurka kuwa, kotuna ba kasafai suke sake duba hukuncin jami'in ofishin jakadanci ba.

Bayan an isa

Bizar aure na ɗaure zaman mutum da igiyar aurensa, kuma wannan na bai wa mai gayyata ƙarfin da wasu ke amfani da shi ta mummunar hanya: riƙe fasfo, hana fita, da barazanar sa a kori mutum. Mata ne suka fi faɗawa wannan hali, musamman waɗanda ba su da dangi a kusa kuma ba su ji harshen ƙasar ba.

Dokoki sun tanadi mafita. Dokar Amurka ta 1994 kan cin zarafin mata ta bai wa wanda abokin aurensa ɗan ƙasa ko mai katin zama ya ci zarafinsa damar neman takarda da kansa, ba tare da sanin mai cin zarafin ba, kuma maza ma na iya amfana da ita. Birtaniya na da hanyar neman zama na dindindin ga wanda ya shigo da bizar aure, auren ya mutu saboda cin zarafi. Kanada ta soke sharaɗin zama tare na shekara biyu a 2017, bisa dalilin cewa yana tilasta wa mutane jure azaba don tsoron kora. Sai dai iyalan ɗalibai da na ma'aikata ba su da cikakkiyar irin wannan kariya, domin zamansu na bin bizar wucin gadi ce ta wani.

Ƙofar da siyasa ke riƙe da makullinta

Mutum na iya cika kowane sharaɗi, sanarwa guda ta mayar da shi baya. A ranar 31 ga Janairun 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da bai wa 'yan Najeriya bizar zama, bisa hujjar gazawa wajen musayar bayanan tsaro da na fasfo. Bizar ziyara da ta karatu ba su shiga ciki ba, don haka iyalai ne suka fi jin jiki. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa kwamiti ƙarƙashin ministan cikin gida Rauf Aregbesola don magance ƙorafin, amma matakin bai tashi ba sai ranar 20 ga Janairun 2021, lokacin da Joe Biden ya soke shi a ranar da ya hau mulki.

Bayan dawowar Trump, ya sanya Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana shiga gaba ɗaya a Yunin 2025, tare da togace dangi na kusa na 'yan ƙasa. A Disambar shekarar ya faɗaɗa jerin: Nijar ta shiga rukunin cikakken hani, Najeriya ta shiga rukunin da aka dakatar wa bizar zama da ta ziyara da ta karatu, aka kuma janye togaciyar da ta kare dangi na kusa. A Turai, Jamus ta dakatar da haɗa iyali na shekara biyu ga wani rukunin masu neman mafaka a tsakiyar 2025, Birtaniya kuma ta dakatar da hanyar haɗa iyalan 'yan gudun hijira a Satumbar shekarar. Saboda irin wannan sauyi, shafin hukuma na ƙasar da za a je, a ranar da za a nema, shi ne abin dogaro, kuma babu dillalin da ke da ikon sayar da tabbacin biza.

Najeriya ma na da nata bambancin a gida. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya damar zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, amma bai ba baƙon da ya auri 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Shi sai ya bi doguwar hanya, wadda ke buƙatar zaman shekara 15. A watan Maris na 2022 ƙudurin gyara wannan sashe ya zo gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa tare da wasu ƙudurorin da suka shafi mata, ya kuma gaza samun ƙuri'un da ake buƙata, abin da ya sa mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar a Abuja. Kusan irin wariyar da kotun Turai ta kama Birtaniya da ita ke nan a 1985, kuma gyaranta a hannun 'yan majalisar da 'yan Najeriya ke zaɓa yake.